Ranakun Mako a Harshen Turkanci: Sunayensu da Nahawunsu

Maƙasudin wannan rubutu shi ne bayyana yadda Turkanci, watau harshen ƙasar Turkiyya, yake kiran ranakun mako, tare da ɗan nahawun da mutum yake bukata kafin ya iya cewa "ran Talata", ko "duk Jumma'a", ko "daga Litinin zuwa Alhamis". Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Dalilanmu biyu ne. Na farko, Turkanci ba dangin Hausa ba ne, ba dangin Larabci ko Faransanci ba ne. Gininsa na jera ɗafi ne a ƙeyar kalma, ɗaya bayan ɗaya, kuma kalmomi bakwai sun isa su nuna yadda wannan gini yake aiki. Na biyu, Turkawa sun sake haruffansu a 1928, suka bi harshensu da tankaɗe da rairaya don fitar da kalmomin aro, amma sunayen ranaku, waɗanda kusan dukansu aro ne, suna nan daram. Wannan abin dubawa ne ga duk mai aikin tsara harshe.

Kafin mu shiga, sai an san darajar wasu haruffa, domin mai karanta Hausa zai yi tuntuɓe da su. Harafin c na Turkanci j ne a wurinmu, ç shi ne c ɗinmu, ş kuwa sh. Harafin ü daidai yake da u na Faransanci. Akwai kuma ı maras ɗigo, wanda ake furtawa can baya a baki ba tare da kewaya leɓɓa ba. Shi daban, i mai ɗigo daban. Jimillar haruffan 29 ce, 8 daga cikinsu wasula.

1. Sunayen

Ga su bi da bi, yadda kalandar Turkiyya take jera su: pazartesi (Litinin), salı (Talata), çarşamba (Laraba), perşembe (Alhamis), cuma (Jumma'a), cumartesi (Asabar), pazar (Lahadi).

Hausa ta ɗebo nata bakwai ɗin daga rijiya guda, watau Larabci. Turkanci kuwa tsintar su ya yi. Cuma kaɗai ce Balarabiya ba tare da gardama ba, kuma da zarar an tuna cewa c tana madadin j, sai a ji Jumma'armu ce. Pazar daga Farisanci take, asalinta bazar, "kasuwa". Lahadi dai ranar kasuwa ce, har yau kuma kalmar tana riƙe da ma'anoninta biyu. Çarşamba da perşembe su ma Farisanci ne: cahar "huɗu" da panj "biyar", an haɗa su da shanbe "Asabar", watau rana ta huɗu da ta biyar bayan Asabar. Ashe ke nan çarşamba da Laraba abu guda suke faɗi, perşembe da Alhamis ma haka, sai dai kowace da hanyar da ta biyo. Ita kanta shanbe tushenta ɗaya da sabt ta Larabci, wadda ta ba mu Asabar. Game da salı masana sun rabu: wasu suna danganta ta da kalmar Larabci mai nufin "na uku", wasu da sunan Talata a Farisanci.

Sauran biyun, pazartesi da cumartesi, a gida aka ƙera su. Akwai kalmar Turkanci ertesi, ma'anarta "wanshekarensa". Pazar ertesi, "wanshekaren kasuwa", ita ta dunƙule ta zama pazartesi. Cuma ertesi, "wanshekaren Jumma'a", ta zama cumartesi. Idan aka duba da kyau, mako a nan turaku biyu yake da su, ranar kasuwa da ranar masallaci, kowace da wanshekarenta.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga gari mai sunan ranar kasuwarsa, ga Talatar Mafara nan a Zamfara. Turkiyya ma tana da irinsu a bakin Baƙin Teku: Çarşamba a lardin Samsun, Perşembe a lardin Ordu, Pazar a lardin Rize. Haka nan Dushanbe, babban birnin Tajikistan, ma'anar sunansa Litinin. Inda aka bambanta shi ne sunan mutane. Mu muna da Ladi da Talatu da Lami da Jummai da Asabe, da Ɗanladi da Ɗanjuma; su kuwa Cuma ne sunan rana da aka saba raɗa wa ɗa namiji.

Mako shi ne hafta, daga haft "bakwai" na Farisanci, kamar yadda mu ma mukan ce "bakwai biyu" muna nufin mako biyu. Rana kuwa gün ce, kuma ita Baturkiya ce tsantsa. A tsohon harshe tana nufin rana ta sama da rana ta lissafi duka, daidai da "rana" a Hausa. Yanzu ta sama ta koma güneş, amma har yau faɗuwar rana gün batımı ce. Sai dai gün ta haɗa aikin "rana" da na "kwana": üç gün shi ne "kwana uku", kuma bayan adadi ba a sa ɗafin jam'i.

2. Jituwar wasula

Wannan ita ce uwar ƙa'idojin, wanda bai riƙe ta ba ba zai iya ɗafa kome ba. Wasulan nan takwas kashi biyu ne: na baya (a, ı, o, u) da na gaba (e, i, ö, ü). Ɗafi ba shi da wasalin kansa tsayayye, wasalin ƙarshe na kalma yake kallo ya bi shi. Wasu ɗafe-ɗafen fuska biyu gare su, a ko e, kamar na jam'i: pazarlar amma günler. Wasu fuska huɗu, ı ko i ko u ko ü. Jituwar tana da ƙarfin da har ta tanƙwara kalmomin aro. Shanbe guda ce a Farisanci, amma bayan çar- ta zama -şamba, bayan per- ta zama -şembe. Pazartesi da cumartesi su ne suka gauraya wasula, saboda kalmomi biyu ne a asali. A nan ɗafi wasalin ƙarshe kawai yake bi, watau i.

Wani abin lura kuma: shida daga cikin sunayen da wasali suke ƙarewa, pazar ce kaɗai take ƙarewa da baƙi. Turkanci ba ya son wasali ya ci karo da wasali a mahaɗar ɗafi, saboda haka yakan cusa baƙi tsakani, mafi yawa y. Za mu ga wannan y tana ta fitowa a ƙasa.

3. "Ran Talata"

Idan Baturke zai ce ran Talata zai tafi Ankara, cewa zai yi: Salı günü Ankara'ya gidiyorum. Abin da ya shafe mu shi ne salı günü. Gün ce ta ɗauki -ü, ɗafin mallaka na mutum na uku, ma'anarsa ta zahiri "Talata ranarta". Wannan shi ne ginin harɗaɗɗen suna a harshen duka. Idan aka ajiye shi kusa da "ranar Talata" sai a ga kamar mutum da inuwarsa a madubi: a Hausa "rana" ce a gaba, ta ɗauki mahaɗi -r, a Turkanci gün ce a baya, ta ɗauki -ü. A harsunan biyu kalmar "rana" ce mai ɗauke da alama, sunan ranar yana zaune yadda yake. A maganar yau da kullum ana iya jefar da günü a ce salı gidiyorum, kamar yadda mukan ce "Talata zan tafi".

Kuskuren da mai koyo ya fi yi a nan shi ne neman kalmar da za ta tsaya a madadin "a". Turkanci yana da ɗafin wuri, -da ko -de: okulda "a makaranta", haftada iki gün "kwana biyu a mako". Amma ba da shi ake faɗin ranar da abu zai auku ba. Wanda ya ce pazarda, abin da za a ji shi ne "a kasuwa". Haka pazara gidiyorum "ina tafiya kasuwa" ne. Jimlar Pazar günü pazara gidiyorum, "ran Lahadi zan tafi kasuwa", ta isa ta nuna amfanin günü: ita ce take raba gardama tsakanin rana da wuri. Cuma ma tana da irin wannan fuska biyu, gama cumaya gidiyorum nufinsa tafiya sallar Jumma'a, kamar dai mu ce "na tafi Jumma'a".

Da wannan gini ake faɗin sassan yini, sai ɗafin ya sake fuska bisa jituwa: cuma sabahı "safiyar Jumma'a", cuma akşamı "maraicen Jumma'a", cuma gecesi "daren Jumma'a". Gece da wasali ta ƙare, shi ya sa ta ɗauki -si. Haka kuma hafta sonu "ƙarshen mako", hafta içi "cikin mako", salı pazarı "kasuwar Talata".

Abin da ake yi a kai a kai kuwa, hanyoyinsa uku. Ana sa her "kowane" a gaba: her cuma. Ko a mai da gün jam'i: cuma günleri. Ko a ɗafa jam'in da mallakar a jikin sunan ranar: cumaları, pazartesileri. Duka ukun "duk ran Jumma'a" suke nufi. Cuma günleri camiye gider, "yakan tafi masallaci duk ran Jumma'a". A lura da günleri: tun da jam'i -ler ya shiga tsakani, wasalin ƙarshe ya zama e, don haka ɗafin mallaka ya bar -ü ya koma -i. Jam'i ne kuma ake amfani da shi a gaisuwa da fatan alheri: iyi günler "a yini lafiya", hayırlı cumalar "barka da Jumma'a". Wannan hayır ɗin da "alheri" namu kalma guda ce ta Larabci.

4. Daga yaushe zuwa yaushe

"Daga" ɗafi ne, -dan ko -den. "Zuwa" ma ɗafi ne, -a ko -e, da y a tsakani idan kalma ta ƙare da wasali, sa'an nan a biyo da kadar "har". Pazartesiden cumaya kadar çalışıyoruz, "muna aiki daga Litinin har zuwa Jumma'a". Sauran sai a auna: salıdan, salıya, çarşambadan, çarşambaya, perşembeden, perşembeye, pazardan, pazara. "Tun" kuwa beri ce, bayan -dan: salıdan beri "tun Talata".

Idan aka bar günü a wurinta, sai wani abu ya faru. Bayan ɗafin mallaka, baƙin da yake shiga tsakani n ne, kuma yana shiga ko da ɗafin da ke biye da baƙi ya fara: cuma gününe kadar "har ran Jumma'a", cuma gününden beri "tun ran Jumma'a". A nan akwai shaida mai daɗi ga mai nazarin yadda kalmomi suke daskarewa. Ƙarshen pazartesi, watau -si, ɗafin mallaka ne a asali, saboda haka bisa ƙa'ida n ya kamata ya jawo. Amma abin da daidaitaccen harshe yake cewa shi ne pazartesiye, cumartesiye. Masu harshen sun daina jin -si ɗin a matsayin ɗafi, kalmar ta zama dunƙule guda.

Akwai karin magana da ya tattara waɗannan a jimla ɗaya: Perşembenin gelişi çarşambadan bellidir, watau zuwan Alhamis tun daga Laraba ake gane shi. Mai karatu ya riga ya tuna namu, na Jumma'ar da za ta yi kyau. Laraba ce mai ba da labari a wurare biyun. Ta fuskar nahawu, perşembe-nin mai mallaka ce, geliş-i abin mallaka, çarşamba-dan "daga Laraba". Wannan mallaka ce cikakkiya, kowane ɓangare da alamarsa, saɓanin salı günü inda ɓangaren farko yake tsirara.

5. Yau wace rana ce?

Tambayar da aka fi ji ita ce Bugün günlerden ne?, a zahiri "yau, daga cikin ranaku, me?". Ana kuma cewa Bugün hangi gün? Amsa: Bugün salı. Babu dirka. Inda daidaitacciyar Hausa take cewa "yau Talata ce", mutanen Adar da sauran yamma su ce "Talata ta", Turkanci kalmomi biyu kawai ya jera. Ba shi da jinsi ko kaɗan, saboda haka batun cewa ranaku mata ne bai taso ba. Korewa da değil ake yi a ƙarshe: Bugün cuma değil, "yau ba Jumma'a ba ce" (ğ ba a furta ta kamar g, kusan narkewa take yi tsakanin wasula). Tambayar i ko a'a kuwa da ƴar kalma ce wadda ake rubutawa a ware amma tana bin jituwa: Bugün cuma mı? Bugün perşembe mi?

Lokacin da ya wuce ɗafi yake bukata, a jikin sunan ranar kansa: Dün pazardı "jiya Lahadi ce", Dün salıydı, Dün perşembeydi. Hausa a nan "jiya" ta bari ta ɗauki nauyin lokaci, dirka ba ta sake ba. Turkanci sai ya faɗi lokacin sau biyu. Na gobe ba dole: Yarın çarşamba.

Bugün "yau" haɗi ne na bu "wannan" da gün. Dün "jiya", yarın "gobe", evvelsi gün ko önceki gün "shekaranjiya", öbür gün "jibi", ertesi gün "wanshekare". Daga nan Turkanci ya koma ƙidaya, üç gün sonra "bayan kwana uku", inda mu muke da gata da citta. Na mako: geçen hafta "makon jiya", bu hafta "makon nan", gelecek hafta "makon gobe". Akwai gajeriyar hanya da ake yawan bi, haftaya, a zahiri "zuwa mako": haftaya salı, "Talatar makon gobe". Idan kuma ana so rana ta siffanta abu, sai a ɗafa -ki, wanda yake zama -kü bayan gün da dün: yarınki ders "darasin gobe", dünkü gazete "jaridar jiya", salı günkü toplantı "taron ran Talata".

Matsalar da nahawu bai warware ba ita ce ta dare. A lissafin addini yini da faɗuwar rana yake farawa, don haka cuma gecesi daren Alhamis ne wayewar Jumma'a. A lissafin agogo da ofis kuwa daren da ya biyo yinin Jumma'a ne. Mu ma "daren Jumma'a" haka yake rikita mu, wanda ya taɓa rubuta sanarwar taro ga mutanen karkara ya san wannan. Turkawa sun samo dabara, sukan ce perşembeyi cumaya bağlayan gece, "daren da ya ɗaure Alhamis da Jumma'a". Doguwa ce, amma ba ta barin shakka. A Azarbaijan, inda ake magana da harshe ɗan'uwan Turkanci na kusa, tsohon lissafin ya shiga cikin sunayen kansu: sunan Alhamis a can "maraicen Jumma'a", sunan Talata "maraicen Laraba".

6. Abin da hukuma ta taɓa da abin da ta bari

Gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta taɓa lokaci ta kowace fuska. Daga 1 ga Janairu 1926 ƙasar ta koma bin kalandar Miladiyya. Ran 1 ga Nuwamba 1928 aka yi dokar barin haruffan Larabci a koma na Latin, kuma a farkon 1929 aka buɗe makarantun al'umma don koya wa manya sabon rubutu. A 1932 aka kafa ƙungiyar nazarin harshe, wadda yanzu ake kira Türk Dil Kurumu, aikinta har da maye gurbin kalmomin Larabci da na Farisanci. Ranar hutun mako, wadda dokar 1924 ta sa ran Jumma'a, an mai da ita Lahadi a 1935. A 1945 aka sake sunayen watanni huɗu da doka: teşrinievvel, teşrinisani, kânunuevvel da kânunusani suka zama ekim, kasım, aralık da ocak, watau Oktoba, Nuwamba, Disamba da Janairu.

Sunayen ranaku kuwa ba su motsa ba. A ganinmu dalilin a fili yake. Sunayen watannin nan huɗu dogaye ne, biyu-biyu masu kama da juna, kuma kayan magatakarda ne. Ranaku kuwa suna bakin mai talla da manomi da mai zuwa masallaci, jituwar wasula ta riga ta laƙume su har ba a jin baƙuntarsu. Ba wanda yake jin "huɗu" a cikin çarşamba, shi ya sa ba wanda ya damu da ganin ta a layi na uku a kalandar da take farawa da Litinin. Mai shirya ƙamus ko littafin yaƙi da jahilci da yake tunanin korar wata kalma don ta fito daga Larabci ko Faransanci, ya kamata ya fara tambayar a bakin wa take, kuma ko ta riga ta ɗauki kamannin harshen.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Mai karatu ya lura mun rubuta sunayen da ƙananan haruffa. Ƙa'idar Türk Dil Kurumu ita ce: sunan rana da na wata suna farawa da babban harafi ne kawai idan suna cikin ƙayyadadden kwanan wata. Ana rubuta her cuma da ƙaramin c, amma 29 Ekim 1923 Pazartesi günü, ranar da aka kafa jamhuriya, da babban E da babban P. A wannan hali ne kuma ake raba ɗafi da sunan da alamar ɗauri, kamar yadda ake yi wa sunayen yanka: 29 Ekim'de. Faransanci ƙaramin harafi yake sawa kullum, littattafan Hausa na Nijeriya babba suka saba da shi, mu kuwa a nan Nijar, da muka yi karatun boko da Faransanci, hannunmu yakan yi ta kai da kawowa tsakanin biyun, wani lokaci a shafi guda. Ta Turkawa hanya ce ta uku. Tana da ma'ana ga mai nazari, amma tana bukatar mai rubutu ya tsaya ya yanke hukunci a kan kowace jimla, kuma wannan kaya ne mai nauyi ga dattijon da bai fi wata uku da fara riƙe alƙalami ba. Don littattafan matakin farko, ƙa'ida guda wadda ba ta da togaciya ta fi, ko babba ko ƙarami.